Gwajin tarin fuka kafin bizar karatu: ka ware mako takwas a lissafinka

Ranar Talata 8 ga Agusta 2023 na tsaya gaban na'urar hoton ƙirji a Abuja, na manna ƙirjina da allo, aka ce in ja numfashi in riƙe. Abin bai kai minti biyu ba. Matata da 'yarmu mai shekara huɗu suna zaune a waje. Tun ranar Litinin muka taso daga Kano, da niyyar mu kwana ɗaya mu juya. Karatuna na digiri na biyu zai fara a Ingila ranar 25 ga Satumba, kuma a ƙidayata mako bakwai ya ishe ni neman biza da haɗa kaya da sallamar dangi. Da azahar aka miƙa wa matata takardarta da ta yarinya, ni kuwa aka ce likita tana son ganina.

Ta juyo mini da kwamfuta, ta ɗora bakin biro a saman huhun dama. Ta ce, "Malam, ka rubuta cewa ka taɓa shan maganin tarin fuka kana yaro. Ga inda ya bar maka shaida. Da alama tsohon tabo ne, amma hoto ba ya iya rantsuwa a kan haka. Sai mun ɗauki kakinka sau uku mun shuka a ɗakin gwaje-gwaje mu ga ko ƙwayar cutar za ta tsiro, kuma za a jira mako takwas." Na ce, "Likita, karatuna saura mako bakwai." Ta ce ta sani, kuma ba ni ne na farko ba a wannan watan.

Sakamakon ya fito a makon farko na Oktoba, babu komai a huhuna sai tabo. Amma an riga an rufe rajistar zangon, sai aka ɗaga mini zuwa Janairun 2024. A ranar 1 ga wannan Janairun ne sabuwar dokar Birtaniya ta fara aiki, wadda ta hana masu digiri na biyu na zaman aji tafiya da iyali. Takardun matata da 'yata suka tashi a banza. Na tafi ni kaɗai, na bar jariri ɗan mako biyar. Da na je gwajin nan a watan Mayu, da duk wannan bai faru ba, kuma ni ne na fi kowa sanin tarihin ƙirjina. Shi ya sa nake rubuta wannan, don wanda ke bayana ya yi lissafin da ban yi ba.

Wa ake nema ya yi, kuma a ina

Dokar Birtaniya ba ta da wuyar ganewa. Idan za ka zauna can fiye da wata shida, kuma ka zauna wata shida ko fiye a ƙasar da ke cikin jerinsu, kuma ba ka fi wata shida da barin ƙasar ba, sai ka kawo takardar shaidar cewa ba ka da tarin fuka na huhu. Najeriya tana cikin jerin, haka Nijar da Gana da Kamaru da Chadi da Sudan. Sun ɗauko ƙasashen da a duk mutum 100,000 ake samun aƙalla 40 da ke kamuwa a shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta na Najeriya a wajen 219, na Ingila kuwa bai kai 10 ba. Tsarin ya fara da ƙasashe kaɗan a 2005, aka faɗaɗa shi tsakanin 2012 da 2014 har ya kai ƙasashe kusan 100. Wanda zai je ziyara ko taro na 'yan makonni ba ruwansa da wannan. Ɗalibi da ma'aikaci da matar da za ta bi mijinta, duk sai sun yi.

Ga inda mutanenmu suka fi asarar kuɗi: ba kowane asibiti ake karɓar takardarsa ba. Ko da babban asibitin koyarwa ne ya ɗauki hoton, ko da farfesa ne ya sa hannu, in ba ya cikin jerin da ma'aikatar harkokin cikin gidan Birtaniya ta amince da shi, takardar ba ta da amfani wajen biza. Jerin yana shafin gov.uk, ƙasa bayan ƙasa, kuma ana sabunta shi. A Najeriya cibiyoyin lafiya na hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IOM, da ke Abuja da Legas suna ciki, tare da wasu asibitocin kuɗi a Legas. Ka buɗe shafin da kanka a ranar da za ka biya. Kada ka dogara da abin da wani ya turo a guruf ɗin WhatsApp, domin na bara ba lallai ya zama na bana ba. Kuɗin gwajin ma yana canzawa tare da canjin naira, don haka ka duba shi a wurin, ka biya ta hanyar da suka rubuta, ba ta hannun ejan ba.

Lissafin kwanaki

Nan ne zan daɗe, domin nan ne na faɗi.

Takardar tana aiki wata shida, kuma ana fara ƙidaya daga ranar da aka ɗauki hoto, ba ranar da aka miƙa maka ita ba. Tawa an ba ni a Oktoba, amma ranar 8 ga Agusta aka ƙirga, ta mutu a Fabrairu. Allah Ya taimake ni ta kai ni neman bizar Janairu a watan Nuwamba. Abin da ake bukata shi ne ta kasance da rai ranar da ka tura takardun neman biza.

Yawancin ɗalibai suna jira sai jami'a ta turo lambar CAS, wato shaidar cewa ta ba ka gurbi, sannan su nemi ranar gwaji. Ni ma haka na yi, kuma kuskure ne. Babu abin da ya haɗa gwajin da wannan lambar. Lambar kan zo a makare, a Yuli ko Agusta, daidai lokacin da dubban ɗalibai ke rububin ranar gwaji. Ga wanda hotonsa ya fita fes, babu matsala, sau da yawa a ranar yake karɓar takarda. Amma ba wanda ya san abin da hotonsa zai nuna sai an ɗauka. Tsohon ciwon huhu da aka manta da shi, ko tarin da ya warke da kansa ba tare da mutum ya san ya yi ba, duk suna iya barin inuwa.

To ga lissafin da nake ba duk wanda ya tambaye ni. Ɗauki ranar da kake son tura neman biza, ka koma baya mako goma: takwas na shuka kaki, biyu na neman rana da kai-komo. In karatunka na Satumba ne, kana son ka nemi biza a tsakiyar Yuli, to farkon Mayu ya kamata ka tsaya gaban na'urar. In hoton ya fita lafiya, takardarka tana nan daram har Nuwamba, ba ka yi asarar komai ba. In an ga inuwa, sakamako zai iske ka a Yuli, kana kan lokaci. Mai karatun Janairu ya yi nasa a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. Kada kuma ka yi gaggawar da ta wuce kima, ka je tun Janairu don karatun Satumba, takardar ta mutu kafin ka yi amfani da ita.

Mako takwas ɗin nan ba jan rai ba ne, kuma ba a sayen saurinsa. Ƙwayar tarin fuka mai nawa ce wajen hayayyafa. Wasu ƙwayoyin cuta suna rabuwa biyu cikin minti ashirin, ita kuwa takan ɗauki awa goma sha biyar zuwa ashirin. Kafin ɗakin gwaje-gwaje ya iya cewa babu ita, sai ya bar kakin a cikin abincin da take so har tsawon wannan lokacin, ya ga ba abin da ya tsiro. Na kira sau biyu ina roƙo, aka ba ni amsa ɗaya cikin ladabi. Yanzu na gane da sun gajarta mini, da takardar ba ta da ma'ana.

Wanda ya san ya taɓa yin tarin fuka, ko ya yi jinyar mai shi a ɗaki ɗaya, ko yana fama da tari yanzu, ya ɗauka cewa kaki za a ce ya kawo, ya shirya tun farko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranar gwaji

Ka tafi da fasfo na ainihi, ba kwafi ba, da shaidar biyan kuɗi, da hotunan fasfo in sun nema, da adireshin inda za ka sauka a Birtaniya. In ba ka kama ɗaki ba tukuna, adireshin jami'a ya wadatar. Duk wata takardar asibiti da ta shafi ƙirjinka, ka haɗa: tsohon hoto, katin shan magani, takardar sallama. Nawa katin ya ɓace tun ina makarantar kwana a 2009. Umma ce ta tuna mini watan da na fara da watan da na gama, ta ce, "Da azumi ka fara, ka gama bayan babbar sallah da wata uku." Da wannan na ba likita labari. In naka yana nan, ka adana shi kamar takardar gida.

Za a tambaye ka ko kana tari, ko kana zufa da dare, ko ka rame, ko ka taɓa tofar da jini, ko wani a gidanku yana da cutar. Ka faɗi gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma hoton zai faɗi abin da ka ɓoye. Na ji masu cewa a sha madara da yawa kwana uku kafin a je, wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take zuwa, ba huhu ba. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne mai zuwa kemis ya sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su ciprofloxacin ko levofloxacin don tarin ya lafa kafin ranar. Waɗannan magunguna suna iya danne ƙwayar tarin fuka na ɗan lokaci ba tare da sun kashe ta ba, su jinkirta gano ta, su kuma koya mata jure magani. Mutum ya cuci kansa da mutanen gidansa don takarda ɗaya. Batun sayen takardar jabu ko tura wani ya tsaya maka kuwa, ana haɗa fuska da fasfo a wurin, kuma wanda aka kama da yaudara a neman biza ana iya hana shi shiga Birtaniya har shekara goma.

'Yan'uwa mata, za a ce ki cire rigar sama da sarƙa da duk abin da ke da ƙarfe, a ba ki rigar asibiti. In kina da dogon kitso ki ɗaure shi sama, don kada ya fito a hoton kamar inuwa. Kina da damar neman mace ta tsaya tare da ke. Ki faɗa tun a teburin farko, ba sai kin shiga ɗaki ba.

Mai juna biyu tana da zaɓi uku. Ko a ɗauki hoton tare da kariya ta musamman a kan ciki, in cikin ya wuce wata uku, ko ta ba da kaki ta jira mako takwas, ko ta bari sai ta haihu. Matata tana da cikin wata biyar a lokacin. Likita ta zauna da ita ta yi mata bayani, ta zaɓi hoton, kuma yaron ya zo lafiya. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 ba a saba yi musu hoto ba. Likita ce ke duba su, ta yi wa iyaye tambayoyi, ta ba da takarda in ba ta ga abin damuwa ba. Amma dole a kai yaron, ba a karɓa masa a bayan ido.

Kafin ka bar wurin ka karanta takardar harafi bayan harafi: suna, lambar fasfo, ranar haihuwa. Gyara a nan take minti biyar ne, daga Kano ko Sakkwato kuwa wata tafiyar ce.

In an ce ka kawo kaki

Safiya uku a jere za ka je, kuma a gabansu za ka bayar, ba a kawowa daga gida. Wannan yana nufin ƙarin kwana uku a Abuja ko Legas, da ƙarin kuɗi. Na mayar da iyalina tasha, ni kuma na sauka wajen wani abokina a Kubwa. Duk wanda zai taso daga nesa ya riƙe guzurin kwana huɗu ko da yana sa ran kwana ɗaya.

Da sassafe ake zuwa, kafin karin kumallo. Ka kurkure baki da ruwa zalla. Ka ja dogon numfashi sau uku, kana riƙewa kaɗan, sannan ka yi tari daga can ƙasan ƙirji. Kaki ake so, ba yawu ba, kuma in ka ba da yawu za a ce ka sake. Mutumin da ba shi da tari, kamar ni a lokacin, yakan sha wuya kafin wani abu ya fito. Shan ruwa sosai da daddare ya taimake ni. In ya gagara, akwai tururin ruwan gishiri da ake sa mutum ya shaƙa don ya tayar da kakin.

Ranar da ka gama na uku, ka rubuta wa jami'a imel. Ka gaya musu an ɗauki kakinka, ga ranar da ake sa ran sakamako, ka tambayi ranar ƙarshe ta yin rajista da kuma sharaɗin ɗaga zango, da abin da zai faru da kuɗin da ka riga ka biya. Na yi shiru mako uku ina jin nauyin faɗa, alhali ofishin ɗaliban waje ya saba da irin wannan wasiƙar. Kada ka sayi tikitin jirgi ko ka biya kuɗin ɗakin da ba a mayarwa sai takarda ta shigo hannunka.

In sakamako ya nuna akwai cutar

Ba za a ba ka takardar ba, za a ba ka wasiƙa zuwa inda za ka fara magani. Na san zafin wannan labari, amma na sha maganin nan da bakina ina ɗan shekara goma sha biyar, ga ni kuma. Wata shida ne: wata biyu na farko magani huɗu, rifampicin da isoniazid da pyrazinamide da ethambutol, yawanci a haɗe cikin ƙwaya ɗaya, sannan wata huɗu na biyun farko. A Najeriya gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin DOTS na shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta na ƙasa, wato wuraren da ake ba da maganin ana sa ido a kan shansa. A Kano akwai Asibitin Zana da asibitocin unguwanni da yawa, a Zariya akwai cibiyar Saye. Lambar 3340 kyauta ce, a kira a tambayi wuri mafi kusa.

Fitsari zai koma ja-ja kamar ruwan lemo, wannan aikin rifampicin ne, ba abin tsoro ba ne. Abin da za a koma asibiti da gudu a kansa shi ne ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dishi-dishi. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ta gaya wa likita, domin rifampicin yana rage mata ƙarfi. Bayan mako uku ko huɗu za ka ji garau, kuma nan ne jarabawar take. Wanda ya ajiye magani a nan, cutar kan dawo masa, wani lokaci da nau'in da ba ya jin maganin farko. Ka cika wata shidan, ka karɓi takardar kammalawa, ka koma a sake gwada ka. Cutar ba ta rufe maka ƙofar biza har abada, ta dai ɗaga maka shekara. A kuma kai mutanen gida a duba su, musamman yara ƙanana.

Sauran ƙasashe

Kanada da Ostareliya suna neman cikakken gwajin lafiya wajen likitan da suka amince da shi, har da hoton ƙirji ga mai shekara 11 zuwa sama, kuma na Kanada yana aiki wata goma sha biyu. Maleshiya tana gwada ɗalibi cikin kwana bakwai na aiki da saukarsa. Sin tana da fom ɗin lafiya na baƙi wanda hoton ƙirji ke cikinsa. Amurka ba ta neman gwajin kafin bizar ɗalibi, amma jami'o'i da yawa ba sa barin ka yi rajista sai ka yi.

Mai zuwa Amurka ya kula da abu ɗaya. Gwaji iri biyu ne, na fata da na jini. Na fata ana yin 'yar allura a hannu, a dawo a duba kumburi bayan awa 48 zuwa 72. Mu kuwa yawancinmu an yi mana rigakafin tarin fuka na BCG muna jarirai, ga tabonsa nan a damtsen hagu, kuma yana iya sa gwajin fata ya nuna akwai alhali babu. Na jini, irin su QuantiFERON da T-SPOT, ba ya ruɗewa da BCG. In an ba ka zaɓi, ka ce na jini.

Takardar ba ta ce ba ka ɗauke da ƙwayar ba

Wannan ban fahimce shi ba sai da na isa. Hoton ƙirji yana neman cutar da ta riga ta tashi a huhu ne kawai. Akwai kuma wadda ke kwance a jiki, ba tari, ba zazzaɓi, ba ta yaɗuwa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya an kiyasta sun taɓa ɗaukar ƙwayar, kuma biyar zuwa goma cikin ɗari nasu ne za ta tasar wa wata rana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ciwon suga, cuta mai karya garkuwar jiki, ƙarancin abinci, shan taba. Na ga yadda ɗalibanmu ke rayuwa a can, aji da rana, aikin sito da dare, burodi da shayi, ga sanyi. Jiki yana gajiya.

Saboda haka da ka sauka ka yi rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP. A garuruwan Ingila da dama, tun 2015, ana yi wa sababbin zuwa 'yan shekara 16 zuwa 35 daga ƙasashe irin namu gwajin jini kyauta, matuƙar ba su wuce shekara biyar da shigowa ba. Wani ɗan Sakkwato da muke gida ɗaya ya samu wasiƙar gayyatar zuwa wannan gwajin, ya ajiye ta mako biyu yana tsoron za a kore shi. Na raka shi. Jininsa ya nuna ƙwayar tana kwance, aka ba shi rifampicin da isoniazid na wata uku, bai fasa aji ko sau ɗaya ba, kuma babu abin da ya taɓa bizarsa. Maganin tarin fuka kyauta ne ga kowa a Birtaniya, ko wace irin takarda mutum yake riƙe da ita. Ni likita ya ce gwajin jinin ba zai amfane ni ba, tunda wanda ya taɓa yin cutar jininsa yakan ci gaba da nunawa. Nawa aikin shi ne lura da alamomi.

Takardar da ka kawo daga gida kuwa, ka sa ta a jakar hannu ranar tafiya, domin jami'in filin jirgi yana iya neman gani.

Masu dawowa

Ɗalibin da ya zo hutu gida da bizarsa mai rai ba ya bukatar sabon gwaji don komawa. Wanda ya zauna gida wata shida ko fiye, kuma zai nemi sabuwar biza daga nan, sai ya sake, ko da ya yi shekara uku a can. Masu zuwa tattara bayanan bincike na digiri na uku su lura da wannan. Mai takardar zama ta dindindin da ya yi fiye da shekara biyu a waje, shi ma sai ya yi kafin a ba shi izinin komawa. Akasin haka, wanda ya zauna aƙalla wata shida a ƙasar da ba ta cikin jerin, kuma bai fi wata shida da barinta ba, an ɗauke masa.

Wannan na takarda ke nan. Na jiki ya fi muhimmanci a wurina, domin a filin jirgin Malam Aminu Kano ba wanda zai tambaye ka hoton ƙirji. Alhajin da ya dawo daga cunkoson Mina, da ɗan ci-ranin da ya kwana wata da watanni a ɗaki ɗaya da mutum ashirin, da wanda ya fito daga wurin tsare baƙi a Libiya, da ɗalibar likitanci da ta yi aiki a ɗakin masu ciwon ƙirji, kowannensu ya shaƙi numfashin mutane da yawa. Tarin bayan aikin Hajji sananne ne, kuma yawancinsa mura ce da ke wucewa. Amma in ya kai mako biyu, a daina sayen maganin tari, a kai kaki. Na'urar GeneXpert tana ba da amsa cikin kamar awa biyu da sa samfurin, har ta faɗi ko ƙwayar tana jin rifampicin. Ka gaya wa likita ƙasar da ka fito da irin wurin da ka kwana, domin a wasu ƙasashen, kamar Rasha da Indiya, nau'in da ba ya jin magani ya fi yawa.

In ka san ka zauna da mai cutar amma ba ka jin komai, kada ka ruga gwajin jini washegari. Jiki yana ɗaukar lokaci kafin ya nuna, don haka mako takwas zuwa goma bayan rabuwarku ne lokacin da ya dace. Iyayen da suka kawo yaran da aka haifa a Turai ko Amurka hutu gida su tambayi likita batun BCG tun kafin tafiya, domin ba kowane jariri ake yi wa a can ba. A kuma tafasa musu madarar shanu kafin su sha, saboda akwai nau'in ƙwayar da ke bin ɗanyen nono. Wanda zai dawo yana tsakiyar shan magani, kada ya hau jirgi sai likitansa ya ce ya daina yaɗawa. Ya karɓi wasiƙar da ta faɗi sunan magungunan da ranar da ya fara, da guzurin ƙwaya na wata guda, ya kai wasiƙar cibiyar DOTS a makon da ya sauka.

Na dawo Kano a farkon 2025. A watan Maris tari ya kama ni, na ɗora wa ƙurar hunturu da canjin iska. Matata ce ta riƙa ƙirga kwanakin a kalandar kicin. Ranar na goma sha huɗu ta ce, "Abban yara, yau mako biyu." Na je asibitin unguwarmu da safe, na ba da kaki a 'yar roba mai jan murfi, ban biya ko sisi ba. Washegari ma'aikacin ya kira ni ya ce ba a ga komai ba. Takardar na sa ta cikin ambulan ɗaya da hoton Agustan 2023, domin ƙanwata tana neman gurbin karatu na Satumba mai zuwa, kuma tare muka yi zaman ɗakin Umma a shekarar da na yi jinya. Na riga na sa ta nemi ranar gwaji a makon farko na Mayu.